Gurbin da Na Bar wa Mai Kukuma

Tun da gwiwoyina suka ƙi, duniyata ta koma daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida. Gusau ɗin da na sani lungu-lungu, yanzu sai dai in ji labarinta a bakin masu wucewa. Ƙauyenmu kuwa, can bayan Tsafe wajen Kucheri, na daɗe rabona da shi. Ba gwiwa kaɗai ta hana ni ba. Hanyar ce ta lalace irin lalacewar da kowa ya sani, wadda mutum kan fita da safe iyalinsa su wuni da waya a hannu.

A jikin zaurena akwai shago. Na ba wani magidanci haya, yana haɗa tallan rediyo da kiɗan finafinai a ciki. Duk unguwa Injiniya ake ce masa. Ya toshe tagar shagon da tsofaffin katifu don kada ƙarar babura ta shiga, saboda haka ciki babu rana babu iska, sai hasken kwamfuta. A wannan akurkin na yi yawancin safiyoyina na bara da bana.

Ni makaɗi ne, ko in ce na taɓa zama. Karatuna bai wuce firamare ba. Kakanmu mai kukuma ne, kuma jikoki biyu ya bari a sana'ar: ni ɗan 'yarsa, da ɗan ɗansa wanda ya ɗan girme ni. Wato taubashina. Shi ya gaji hannun tsohon, ni na samu murya da baki. Tare muka yi yawon biki da suna, shi da kukuma, ni da waƙa, masu kalangu a bayanmu. Duk inda muka sauka, kafin in buɗe baki, sai ya ja kiɗan da kakanmu yake buɗe wasa da shi. Ba shi da waƙa, ba shi da tsawo. Amma in aka ja shi, ko tsohuwar da ke bayan danga ta san gidan da aka fito.

Wanda ya san taubasantaka ya san ba a gaisuwar arziki a cikinta. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara sunana a bakinsa bawa. "Kai bawa, miƙo ƙaro in shafa wa izga." Ni kuma in ce masa mai wuyan kukuma, don siriri ne mai dogon wuya. Ko gaban manya ba ya fasawa. Da na dawo daga Makka kowa yana Alhaji, Alhaji, shi ya zo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe har bayi ake bari su hau jirgi."

Sai fiyano ya shigo gari. Na saya, na koya da ka, na ga mutum ɗaya yana yin aikin mutum biyar. Masu biki suka fara cewa shi suke so. Matsalar ita ce kukuma ba ta tafiya da fiyano. Sautinta yakan faɗa tsakanin farin madanni da baƙi, in suka haɗu sai ka ji kamar ana gardama. Ya kamata in zaunar da taubashina in gaya masa. Ban yi ba. A wani biki a Bungudu na ce wa mai haɗa mana wayoyi ya ba shi makirfo kamar kowa, amma kada ya jona.

Ya wuni yana ja, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Wajen la'asar rana ta juyo kansa, ya tashi zai matsa inuwa, wayar ta biyo shi, har ƙarshenta ya fito daga ƙarƙashin tebur yana jan ƙasa. Ya tsaya yana kallon ƙarshen wayar. Ya naɗe ta tsaf, ya ɗora a kan sifika, ya ce, "Alhaji, ga kayanka. Na gode."

Daga ranar bai sake ce mini bawa ba. Ya koma gona. In mun haɗu wajen gaisuwar mutuwa yakan ba ni hannu biyu ya ce, "Alhaji, ina gajiya, ya iyali?" Mutane suka ɗauka girma ne ya zo mana, muka bar wasa. Matanmu ne kaɗai suka san ba haka ba ne. Ina aika masa da shadda da sallah, yana aiko da godiya mai kyau, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo. Kaset ɗin bikin Bungudu yana nan a akwatina, an ji kowa a ciki har masu guɗa, ban da shi. Sauran kasa-kasanmu na da zafi da gara sun gama da su.

Ƙauyenmu babu sabis ɗin waya sai an hau tudu a bayan gari, kuma yanzu ba mai son hawa tudun. Labari yana zuwa mini ne ta bakin wani direba ɗan garinmu, mutum mai furfura a gemu, da ke jigilar hatsi da mutane tsakanin Tsafe da tashar Gusau. Shi ya tsaya a zaurena wata safiya ya ƙi zama.

"Baba, taubashinka ya faɗi a gona. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Baki ya karkace, amma ana jin maganarsa."

Ban san abin da ya sa na tambayi abin da na tambaya ba. Na ce, "Kukumar fa?"

"Tana rataye a bango. Gizo-gizo ke koyon kiɗa da ita."

Na ce ya ajiye mini gaban mota in zai koma. Ya girgiza kai.

"Ni ba ni ɗaukarka, Baba. In aka tare hanya kowa ƙafarsa ke fid da shi. Kai da wace ƙafar?"

'Ya'yana suka goyi bayansa. Babbar 'yata ta ce in na matsa za ta ɓoye sandata. Haka na zauna, shi yana kwance can, ni ina zaune nan, tafiyar da a da nake yi tsakanin azahar da la'asar ta gagare mu.

Ina cikin wannan zaman ne wata rana Injiniya ya bar ƙofar shagonsa a buɗe saboda zafi. Sai na ji goge. Ba fiyano mai kwaikwayon goge ba, wanda na sani kamar yunwar cikina. Wannan har jan izgar ake ji. Na dogara sandata na leƙa. Babu kowa sai shi da kwamfuta.

"Wa ke ja?"

"Turawa ne, Baba. Shigo ka rufe ƙofa."

Ya nuna mini wani ɗan akwati baƙi da bai fi tafin hannu ba. Ya ce makaɗa ne na gaske aka tara a wani babban ɗaki a ƙasarsu. Aka ce kowa ya ja sauti ɗaya, a ɗauka, ya ja na gaba, a ɗauka. A hankali, da ƙarfi, gajere, dogo. Masu ƙananan goge, masu manya, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganguna. Aka zuba su duka a ciki. Wanda ya mallaki akwatin sai ya rubuta abin da yake so, su bi.

Na ce, "To su suna ina yanzu?"

"Suna gidajensu mana. Wasu ma ƙila sun mutu."

"An biya su?"

"Sau ɗaya."

Na san irin wannan cinikin. Amma tun kafin in fito daga shagon zuciyata ta riga ta ƙulla abu. Hannun taubashina ya tafi, kuma babu inda aka ɗauki kiɗan kakanmu. Yana cikin kansa da nawa kawai. Na ce in na sa waɗannan mutanen na cikin akwati suka ja shi, na aika masa, ko bai ce komai ba zai san ban yar ba. Abin da nake so a ƙasan raina kuwa, wanda ban gaya wa Injiniya ba, shi ne mutumin nan ya zage ni sau ɗaya kafin ɗayanmu ya mutu.

Injiniya yakan fita da safe kai aiki gidajen rediyo, sai ya riƙa bar mini tsohuwar kwamfutarsa. Ya nuna mini allon da ake rubutun. Kamar gona ce da aka ja wa kunya a tsaye da a kwance, madannan fiyano suna jere a gefen hagu. Kowane sauti ɗan sanda ne da za ka ajiye a kan layi. In ka ja shi ya yi tsawo, sautin ya daɗe. In ka ɗaga shi sama, ya yi siriri. Wannan rubutun shi ake kira midi.

Linzamin kwamfutar ya wahalar da ni kafin komai. In nufi gabas ya yi yamma. Yatsuna sun saba da dukan madanni, ba su saba da lallaɓa ba. In na zaɓi masu goge, sai in jira kwamfutar ta kirawo su, jiran da ya isa mutum ya sha kokonsa ya wanke kofi. Wani lokaci suna gama zuwa a ɗauke wuta. Sau da yawa aikin safiya guda ya tafi haka kafin hannuna ya saba da adanawa. In zauna a cikin duhun shagon, ƙofa a rufe, ina jin masu babura suna wucewa can nesa kamar a wani gari, in jira. Ba na tashi, don tashin ma aiki ne.

A hankali sandunan suka fara jeruwa. Ranar da na fara jin farkon kiɗan kakanmu ya fito daga sifika, sai da na waiga bayana.

Daga nan kwaɗayi ya shiga. Na ga ba goge ɗaya ke cikin akwatin ba, akwai inda in ka taɓa taro guda ke ja tare. Na sa su. Na ƙara manyan da ke gurnani kamar bijimi. Na ƙara ƙahoni. Na ƙara wata ganga mai kama da tambari. Injiniya ya nuna mini yadda ake sa wasu su yi ƙasa-ƙasa wasu su taso, da yadda ake ba kowane ɗan sanda nasa ƙarfin. Ya kuma nuna mini wani madanni da in ka danna, duk sandan da ya kauce sai ya koma kan layi cak. Na so wannan madannin ƙwarai. Duk inda hannuna ya yi rawa, dannawa ɗaya ta gyara. Da na gama, kiɗan ya cika shagon kamar za a ɗaga rufin. Na ce a raina, kakanmu bai taɓa samun irin wannan rakiyar ba.

Aka yi rashin sa'a Injiniya ya tafi Kano duba surukarsa da ba ta da lafiya. A ranakun direba ya biyo ya ce gobe zai shiga ƙauye, kuma bai san ranar da zai sake shiga ba. Na sha ganin yadda Injiniya ke jan aiki ya jefa a memori. Na buɗe inda aikina yake, na ga wanda aka rubuta wa midi, na ja na jefa. Kafin in ƙifta ido ya shige. Har na yaba wa kaina. Na naɗe memorin a takarda, na haɗa da goro, na ba direba.

Da ya dawo sai ya tsaya yana ba ni labarin farashin masara. Na ce ya bar masara.

"To, Baba. An tara gida duka, har maƙwabta sun shigo, don na ce masu Turawa ne za su yi kiɗan gidanku. Aka jingina shi da bango. Aka sa a wayar babban ɗansa." Ya sosa gemu. "Ka san kiɗan keken mai askirim? To shi ya fito. Ƙil-ƙil-ƙil. Babu goge, babu Bature."

"Shi me ya ce?"

"Ya saurara har ƙarshe. Ya ce a gai da Alhaji. Ya ce fiyanon ya yi daɗi, Allah ya ƙara buɗi."

Na kwana biyu ban shiga shagon ba. Ko zaure ban cika fita ba. Mutumin da na cire wa waya saboda fiyano, yana kwance rabin jikinsa ba ya motsi, na aika masa da kiɗan kakansa a bakin fiyanon wasan yara, a gaban iyalinsa da maƙwabta. Da na yi niyyar cin fuskarsa ma ban isa in shirya abin da ya kai wannan ba.

Injiniya ya dawo, na gaya masa. Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye.

"Baba, midi ba shi da sauti ko kaɗan. Umarni ne kawai: taɓa nan, riƙe, saki. Umarnin ka aika, makaɗan ka bar su a nan cikin akwati. Wayar ta duba wanda zai bi umarnin, ba ta da kowa sai ɗan fiyanonta. Sai an sa makaɗan sun ja an ɗauka, an dafa shi ya zama sauti, sannan ake aikawa. Zauna yanzu in dafa maka, ba ya ɗaukar lokaci."

Ya kunna don mu ji kafin ya dafa. Taron goge ya taso, ƙahoni suka amsa, tambari ya faɗo. Amma wannan karon ba da kunnena na saurara ba. Na hango taubashina a raina jingine da bango, na saurara da nasa. Sai na ji abin da ban ji ba a da. Kowane sauti yana hawa kamar matakalar bene, ɗaya bayan ɗaya, alhali kukuma sulalewa take yi. Kowane bugu yana faɗawa daidai kan layi kamar sojoji, alhali kakanmu yakan ja ƙafa, ya makara da gangan, sannan ya cim ma mai kiɗan ƙwarya a gaba. Fiyano ne dai, na sa masa babbar riga.

Na ce, "Kada ka dafa."

Na sallami kowa. Ƙahoni, tambari, bijimai, taron nan duka, na bar goge ɗaya. Na bi cikin akwatin ina neman wanda ya fi kaushi, har na samu inda aka ɗauki mai gogen yana jan izga kusa da gindin tsirkiya, sautin yana ɗan karce kunne. Na ce Injiniya ya kashe amon babban ɗakin nan nasu, don kakanmu a fili yake kiɗa, sautinsa ba ya dawowa. Sannan ya koya mini abin da ya fi komai wuya, wato lanƙwasa sauti. A ƙarƙashin sandunan akwai wani fili da ake zana layi da linzami. In layin ya hau, sautin ya sulale sama, in ya sauka ya sulale ƙasa. Da shi ake kai sauti tsakanin farin madanni da baƙi, wurin nan da na taɓa cewa kukuma tana gardama. In rera a bakina, in zana, in saurara, in goge. Sauti ɗaya yakan ci mini safiya.

Madannin gyaran nan kuwa ban sake taɓa shi ba. Na bi sandunan ɗaya-ɗaya ina ture su daga kan layi da hannu, wannan baya kaɗan, wancan baya sosai. Injiniya ya leƙo ya ce, "Baba, duk ka karkata su. Idona har ciwo yake."

Na ce, "Rufe idon ka ji."

Gangunan akwatin babu wadda ta dace. Na aika cikin gida aka kawo ƙwarya, na kifa a kan matashi, na sa zobe a yatsa, Injiniya ya ɗauka. Damina ta shigo tana neman fita ina wannan aikin. Shagon ya riƙa warin katifa mai laima. Kullum in na ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai in ce direba ne ya zo da labarin da zai sa aikin ya zama na banza.

Sai na iso wurin da na tsaya cik. Kusa da ƙarshe kiɗan yakan hau, ya tsaya kamar mai leƙen rijiya, sannan ya gangaro ta wata karkatacciyar hanya ya sauka. Na san hawan, na san saukar, amma gangarowar babu ita a kaina. Na nema na rasa. Da na zauna na yi tunani sai na gane dalili. Daidai wurin nan ne nake gyara murya don in shiga da waƙa, idona yana kan taro, ina duba mai babbar riga da zan fara wasawa. Shekara da shekaru ana jan gangarowar nan a gefen kunnena, ban taɓa saurara ba.

Na gwada hanyoyi iri-iri. Kowacce ta yi daɗi, kowacce ƙarya ce.

Injiniya ya ce, "Sa wadda ta fi daɗi mana. Wa zai sani?"

Na ce, "Mutum ɗaya."

Na share wurin. Goge ya hau, ya tsaya, ya yi shiru, ƙwarya kaɗai ta ci gaba da tafiya, sannan goge ya dawo a wurin sauka. Ba dabara na yi ba, kasawa ce. Na ce gara ya ji na manta da ya ji na ƙirƙira. Injiniya ya dafa shi da hannunsa, muka gwada a wayarsa da tawa da ta mai shayin ƙofar gida, duka goge ya fito. Na ba direba. Ban haɗa da goro ba, ban ba da saƙon baki ba.

Kwana kaɗan da tafiyarsa hanya ta rufe gaba ɗaya. Motocin Tsafe suka daina shiga ƙauyuka, shi ma ya maƙale a can. Ba waya, ba mai zuwa. Na koma zaman zaure. In shiga shago in kunna kiɗan, in ya zo wurin shirun in ji kamar ni ne a ciki. Matata ta ce in bar sauraron abin nan yana hana ni cin abinci. 'Yata ta fara yi mini maganar asibiti. Ni dai kunnena yana kan titi.

An fara yankan gero direba ya dawo. Ya rame. Bai yi maganar masara ba. Ya ce, "Mu shiga wurin Injiniya, a sa a babbar sifika. Na ɗauko maka a wayata."

Muka shiga mu uku muka rufe ƙofa. Da farko kaji ne, da sautin turmi daga nesa, da wata mata tana cewa a yi shiru. Sai gogena ya taso, ƙarami, daga wata wayar. Ya hau, ya tsaya. Ƙwarya ta ci gaba ita kaɗai. A cikin shirun nan sai na ji wata murya, mai nauyi, tana fita ta gefen baki, tana rera gangarowar. Ta kai rabi ta sarƙe. Muryar ta ce, "Mai da shi baya." Aka mayar. Wannan karon ta gangaro har ƙasa, goge ya tarye ta a wurin sauka kamar sun yi alkawari.

Aka yi tari. Sannan taubashina ya ce, "Kai direba, abin naka na ɗauka? To hwaɗa ma wanga bawa, shekara nawa yana tsaye gefena kamar turken jaki, kunnuwa kamar faifai, ashe aljihun mutane yake saurare. Wurin da ko awakin gidanmu sun sani shi ne ya manta. Ga ta nan, ya buɗe kunne." Ya sake rerawa, a hankali, kamar mai koya wa yaro. "Kuma wanga goge nashi ya ƙoshi da yawa, a rage mai abinci. Ƙwaryar kuma gudu take kamar kare ya biyo shi. Ya gyara ya aiko in gani. In ba a tsaye kansa ba bai taɓa aikin kirki ba."

Wata tsohuwar murya, ta matarsa, ta ce, "Malam, Alhaji ne fa."

"Alhajin wa? Ni na san ranar da aka yanke mai cibiya."

Abin ya ƙare a nan. Injiniya ya sunkuya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta. Na ce wa direba ya mayar da shi baya.

"Wurin rerawar?"

"A'a. Gaba kaɗan. Wurin da ya fara magana."

Ya mayar. Na sa ya sake mayarwa.

Washegari muka ɗauki muryar muka ajiye ta a cikin gurbin. Na yi niyyar in bi ta da goge, in zana lanƙwasarta, sannan in cire ta. Na yi ta zane har na gaji, Baturen ya kasa bin ta. Akwai wata 'yar karkarwa a tsakiyar gangarowar, ban sani ba ko ta kakanmu ce ko ta ciwon ce. Na bar muryar a wurinta. Na ce Injiniya ya nuna mini inda ake ƙara mata ƙarfi, na ƙara da hannuna, na saurara na tabbatar tana fita ta sifika biyun.

Maganar Bungudu bai ɗauko ta ba, ni ma ban ɗauko ba. Ban sani ba ko zan iya, ta bakin direba da memori. Hanya tana nan yadda take, gwiwoyina suna nan yadda suke, shi ma an ce hannun bai dawo ba. Mai yiwuwa ne ba za mu sake zama a tabarma ɗaya ba. Na rage wa gogen abinci kamar yadda ya ce, na sake buga ƙwaryar a hankali, ko da yake na san zai ce yanzu kuma ta zama ta masu jinya.

Ranar da direba zai koma, Injiniya ya dafa aikin ya sa a memori. Ya ce ko akwai saƙon baki da za a haɗa. Na ce akwai. Ya miƙo mini makirfo. Na bi wayar da ido har inda ta shiga, sannan na gyara murya na ce, "Kai mai wuyan kukuma, awakin gidanku sun fi ka murya. Ga shi nan na gyara. In ka isa ka samo wani aibin."

Direba yana bakin ƙofa yana kaɗa makulli, yana cewa in yi sauri, yana so ya wuce Tsafe tun rana tana sama.